Me zai hana a buɗe wa yara harabar laburare?

Da zarar an rufe makarantu a ƙarshen watan Yuli, iyaye a Kano kan shiga wani lissafi da ba ya ƙarewa: ina za a kai yaran nan?

Mai hali ya biya kuɗin lesin, ko ya kwashe su zuwa Ado Bayero Mall su sha iskar na'ura su hau lilo. Mai matsakaicin ƙarfi ya jira Sallah ya kai su gidan zu na Audu Bako. Sauran jama'a, waɗanda su ne mafiya yawa, sai su bar yaran ga lungu da wayar uwarsu.

Lungun kuwa kowa ya san halinsa. Kwata a tsakiya, babura suna kai da kawowa, filin da ake buga ƙwallo shekaru goma da suka wuce ya zama jerin shaguna. Ga shi dogon hutu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin da kududdufai suka cika suka batse. Da wuya damina ta wuce ba a ji Hukumar Kashe Gobara ta jiha ta sanar da tsamo gawar yaro daga kududdufi ko tsohon ramin haƙar ƙasa ba. Kusan kullum labarin iri ɗaya ne, sun je wanka da abokai.

Alhali akwai wani wuri na gwamnati da aka riga aka kashe kuɗin gina shi, yana da katanga da ƙofa da mai gadi, shigarsa ba ta bukatar tikiti, kuma babu uban da zai ɗaga gira idan aka ce can iyalinsa suka tafi. Wurin shi ne laburare. Abin da ake magana a kai a nan ya wuce ɗakin da aka jera littattafai, harabar ake nufi: filin da ke tsakanin ƙofar shiga da gini, da bayan gini, da gindin itatuwa.

Ra'ayin a taƙaice shi ne, ya kamata hukumomin ɗakunan karatu na jihohin Arewa su ɗauki harabarsu a matsayin wani ɓangare na aikinsu, su dasa mata itatuwa, su ɗaukar mata mai lambu, su buɗe ta ga iyaye da yara da yamma da ƙarshen mako. Kano ce ta fi cancanta ta fara, domin ita ta fi kowa matsi.

Yaro ba ya fara karatu a kan kujera

Laburaren Murtala Muhammad da ke kan titin Ahmadu Bello a Nasarawa shi ne babban ɗakin karatu na jama'a a Kano. Masu shirin jarrabawa da ɗaliban jami'a da masu bincike sun san shi. Marubuta ma kan yi taruka a can. Amma a tambayi uwa mai 'ya'ya huɗu a Kurna ko Ɗorayi ko ta taɓa tunanin kai su can ranar Asabar, amsar da za ta bayar ba boyayya ba ce. A wurinta laburare wurin manyan 'yan boko ne, inda ake hararar wanda ya yi tari.

Kuma tana da gaskiya ta wani ɓangare. Ɗakin karatu an tsara shi ne don shiru. Yaro ɗan shekara biyar kuwa ba ya iya shiru na minti goma, kuma bai kamata a bukaci haka daga gare shi ba. Idan aka shigar da shi ɗaki aka ce ya zauna kada ya motsa, abin da zai koya a ranar farko shi ne littafi yana tafiya da tsawa. Wannan darasi yana daɗewa a zuciya.

A gindin itace lamarin ya bambanta. Yaron zai saurari shafi biyu, ya tashi ya bi ƙadangare, ya dawo ya tambayi me ya faru da Gizo, ya sake tashi. Ƙanwarsa tana tsintar 'ya'yan darbejiya. Yayarsu 'yar shekara goma sha biyu ta jingina da gindin itace ta nutse a cikin Magana Jari Ce. Babu wanda ya takura wa wani. A haka ake sabawa da littafi, kaɗan-kaɗan, ba tare da yaron ya san ana koya masa wani abu ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Makarantar allo a gindin ceɗiya ko durumi ta girmi duk wani ginin siminti da ke birnin nan. Karatun zaure a buɗe yake, ana jiyo shi daga titi. Tatsuniya a dandali ake yin ta ko a tsakar gida bayan sallar isha'i. Ko littattafan farko na boko, irin su Ruwan Bagaja da ya fito daga gasar 1933, mutum ɗaya ne kan karanta da ƙarfi wasu goma suna saurare. Ɗabi'ar zama shiru a ɗaki kowa da littafinsa daga baya ta zo, kuma tana da amfaninta ga babba. Yaro dai a waje aka saba kama shi.

Bukatar kama shin kuwa ta kai intaha. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kusan yara 9 cikin 10 a ƙasashen Afirka kudu da Sahara suna kai shekara goma ba su iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi ba. Da yawansu suna zuwa makaranta kullum. Abin da suka rasa shi ne littafin da ba na jarrabawa ba, da wani babba da zai zauna ya karanta musu don daɗi kawai.

Akwai kuma batun lafiya da ba a cika kula da shi ba. Likitocin ido sun tabbatar cewa yaran da ke samun lokaci a hasken waje sun fi tsira daga matsalar kasa ganin nesa. Taiwan ta ɗauki maganar da gaske, tun 2010 ta umarci makarantu su riƙa fitar da yara waje na tsawon sa'a biyu a rana. Yaron da ya wuni a ɗaki mai duhu da waya a hancinsa yana tafiya ne a kishiyar wannan hanya.

Inda aka gwada

A birnin New York na Amurka, bayan babban laburaren jama'a da aka buɗe a 1911, akwai wani lambu da ake kira Bryant Park. A 1935, lokacin da tattalin arziki ya karye mutane suka rasa ayyukan yi, laburaren ya fito da littattafai da jaridu cikin lambun, duk mai so ya zauna ya karanta ba tare da kati ko ajiye kuɗi ba. An ci gaba da haka har 1944.

Daga baya aka yi watsi da lambun. Zuwa shekarun 1970 ya zama matattarar masu sayar da ƙwaya, mutanen kirki suka ƙaurace masa. Yadda aka ƙwato shi abin lura ne. An sare dogayen shingayen da suka ɓoye cikinsa, aka ƙara ƙofofi, aka zuba kujerun da mutum zai iya ɗauka ya kai inda yake so, aka gyara banɗaki, aka sa masu shara da masu kula. An sake buɗe shi a 1992, kuma a ƙarƙashin ciyawar da mutane ke zama a kai yau, rumbun littattafan laburaren ne aka gina a cikin ƙasa. A 2003 aka dawo da karatun fili.

A Medellin ta ƙasar Kolombiya, birnin da sunan Pablo Escobar ya ɓata, magajin gari Sergio Fajardo da ya yi mulki daga 2004 zuwa 2007 ya gina abin da suka kira lambunan laburare a unguwannin talakawa mafiya haɗari. Kowane gini da filinsa, da wurin wasan yara. Sai dai labarin yana da ɗaci a gefe guda: mafi shahara a cikinsu, wanda aka buɗe a 2007 a kan tudun Santo Domingo, dole aka rufe shi a 2015 saboda ginin ya fara lalacewa. An yi kyan gani, ba a yi ƙarko ba. Masu son yanke kintinkiri a nan gida su riƙe wannan.

Wanda zai ce waɗannan ƙasashe ne masu kuɗi, to ya leƙa Dandaji, wani ƙauyen Hausawa a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. Da tsohon masallacin garin ya yi wa jama'a kaɗan, maimakon a rushe shi sai aka mayar da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci a kusa da shi da tubalin ƙasa. Masu zanen gini biyu mata, Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili, su suka tsara aikin da aka kammala a 2018, aka sa masa suna Hikma. A tsarin har da shuke-shuke a filin da ke tsakanin gine-ginen biyu, da wurin tara ruwan damina a ƙarƙashin ƙasa don ban-ruwa da rani. Yaro ya fito daga sallah, taku kaɗan ya shiga ɗakin karatu. Ƙauyen da ke bakin hamada ne ya yi wannan, inda ruwan sama bai kai na Kano ba.

Masu cewa a'a

Akwai ƙorafe-ƙorafe a kan wannan shawara, kuma ba duka ne na banza ba.

Mafi ƙarfi shi ne na masu karatun jarrabawa. Saurayin da ya baro gida mai mutum ashirin don ya sami sa'a uku na shiru kafin JAMB yana da haƙƙi, kuma ba daidai ba ne a kawo masa hayaniyar da ya gudo mata. Amma wannan matsalar tsari ce. Ɓangaren yara ya kasance nesa da tagogin ɗakin nazari, a sa shinge na shuka a tsakani, a ƙayyade lokaci, misali daga bayan la'asar zuwa magariba da kuma safiyar Asabar da Lahadi. Babu wanda ya ce a kawo lasifika ko a kafa lilo mai inji. Tabarma da benci da akwatin littattafai ba sa ƙara.

Na biyu shi ne tsoron abin da kalmar "lambu" ko "wurin shaƙatawa" ta koma nufi a kunnen mutanen Kano. Da yawa suna jin ta sai su tuna wuraren da samari da 'yan mata ke fakewa, waɗanda Hisbah kan kai wa samame. Tsoron ba daga sama ya faɗo ba. To amma abin da ya faru a New York ya nuna inda cutar take: wurin da babu idon jama'a shi ke lalacewa. Filin da iyaye mata talatin suka shimfiɗa tabarma da 'ya'yansu, ga ma'aikata suna zagawa, ga ƙofa ɗaya da ake rufewa da magariba, ɗan shaye-shaye da kansa zai nemi wani wuri. Bayan ginin da ciyawa ta rufe, wanda ba mai leƙawa, shi ne abin tsoro, kuma irinsa ake samu idan aka ce a hana kowa shiga.

Haka batun satar yara, wanda ya bar tabo a zukatan mutanen Kano tun bayan yaran da aka gano a Anambra a 2019. Dokar mai sauƙi ce: ƙaramin yaro ba ya shiga sai da babba, ba ya fita sai da wanda ya kawo shi, a rubuta suna a ƙofa. Wannan ya fi tsaron da lungu ke bayarwa nesa ba kusa ba.

A nan akwai wata riba da ba a cika faɗa ba. Matar aure a birnin nan wuraren da za ta je ba tare da dogon bayani ba ƙididdigaggu ne: asibiti, Islamiyya, gidan biki, gidan rasuwa, gidan iyaye. Babu ko ɗaya a ciki da aka yi don ta zauna ta huta. Harabar laburare za ta iya shiga wannan jeri ba tare da rigima ba, domin "na kai yara karatu" magana ce da ko suruka ba za ta ja da ita ba. Kuma uwar da ta zauna sa'a biyu kusa da akwatin littattafai, ko ba jima ko ba daɗe za ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya. Matan Kano ne fa suka riƙe kasuwar littattafan Hausa shekara da shekaru, da rubutawa da saye da haya.

Sai batun kuɗi da ruwa

Za a ce laburaren da ke fama da tsofaffin littattafai da rashin wuta, ina shi ina fure? Tambayar tana da ma'ana idan fure ake nufi. Ciyawar Turawa da ke shan ruwa safe da yamma ba ta dace da garin da mutane ke sayen ruwa a wurin 'yan garuwa ba, kuma dasa ta almubazzaranci ne. Inuwa ake nema.

Itatuwan inuwa kuwa an san su. Darbejiya tana girma da sauri, ba ta tsoron fari, ko da yake saiwarta kan fasa gini idan aka matsa da ita kusa. Maɗaci yana jinkiri amma idan ya kafu ya zama na jikoki, kamar waɗanda suka rage a tsofaffin titunan Nasarawa. Tsamiya da ceɗiya da durumi duk 'yan gida ne. Mangwaro yana da inuwa mai kauri, sai dai duk wanda ya dasa shi a wurin yara ya shirya wa jifa. Dashen da aka yi a farkon damina yana bukatar ban-ruwa na rani biyu ko uku, da kariya daga awaki, daga nan ya riƙe kansa. Rufin babban gini kuma yana zubar da ruwan da zai cika tankuna da yawa a watan Agusta, yanzu duk kwata yake bi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan intalok da tsakar ranar watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, sannan ya matsa gindin darbejiya, ba ya bukatar a kawo masa bincike. Abin takaici shi ne yadda "gyaran haraba" a ma'aikatun gwamnati ya koma nufin sare itatuwa a shimfiɗa intalok daga katanga zuwa katanga. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Intalok kwangila ce, ana auna ta da mita a biya. Mai lambu kuwa albashi ne na wata-wata, babu wanda zai ci komai a kansa, babu hoton da za a ɗauka ranar buɗewa.

Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, kuma tana ware wa fannin kusan kashi 30 cikin 100 na kasafin kuɗinta. A cikin irin wannan kasafi, albashin masu lambu biyu da mai shara, da rijiyar burtsatse mai sola, da banɗaki mai ruwa na mata da na maza, da benci ashirin, ba za su ko bayyana ba. Banɗakin ma shi ne kan gaba. Uwar da ta zo da yara uku ta tarar babu inda za ta kai ƙarami ya kama ruwa, ba za ta sake dawowa ba, kuma za ta faɗa wa maƙwabta.

A kwatanta da hedikwatar Laburaren Ƙasa da ke Abuja, wadda aka ba da kwangilarta tun 2006 aka shafe shekaru kusan 20 ana jiran ta. Jaririn da aka haifa a shekarar da aka sa hannu a kwangilar ya isa shiga jami'a. Da darbejiya aka dasa a wannan shekara, da tuni aji guda yana zama a inuwarta.

Filin da ba kowa a kai

Akwai wani dalili na gaggawa wanda ya shafi filin kansa. A Kano, duk filin gwamnati da aka bari fayau yana da masu kallonsa. An ga yadda shaguna suka kewaye makarantu da maƙabartu da jikin ganuwa. An ga abin da ya faru a Filin Idi da Filin Sukuwa, inda wata gwamnati ta yanka ta sayar, wata ta zo a 2023 ta rushe, 'yan kasuwa suka yi asara, aka ƙare a kotu. Ko wane ɓangare mutum yake goyon baya a wannan rigima, abu ɗaya ya fito fili: filin da jama'a ba sa amfani da shi kullum, ranar da za a yanka shi babu mai fitowa ya kare shi.

Harabar laburaren da motocin ma'aikata kawai ke kwana a ciki, wata rana wani zai kawo takardar "haɗin gwiwa da 'yan kasuwa don samar da kuɗin shiga", a gina shaguna a jikin katanga. Wadda iyaye ɗari biyu suka saba kai 'ya'yansu duk Asabar kuwa, taɓa ta sai an shirya, domin washegari za a ji su a gidajen rediyo.

Babban laburaren Nasarawa ba zai wadatar da birni mai miliyoyin mutane ba, kuma kuɗin A-daidaita-sahu daga Rijiyar Lemo ko Sheka da yara huɗu ba wasa ba ne. Don haka shi gwaji ne kawai. Idan ya yi kyau, rassan da ke ƙananan hukumomi da ɗakunan karatu na manyan makarantun sakandare su biyo baya. Wasu wurare masu haraba da tarihi, irin su Gidan Ɗan Hausa inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko ta Nasarawa a 1909, ko Gidan Arewa da ke Kaduna, su ma za su iya ajiye akwatin littattafan yara a gindin itace ba tare da sun sauya aikinsu ba.

Kafin gwamnati ta motsa, iyaye suna da abin yi. Mutum ya je da kansa ranar aiki ya tambayi ma'aikata ko akwai sashen yara, da lokutan buɗewa, da ko an yarda a zauna a waje da littafi. Ranar zuwa a tafi da tabarma da ruwan sha da leda ta kwashe shara, a guji tsakar rana, kada a wuce sa'a biyu a karon farko. A bar yaro ya zaɓi littafinsa ko da mai hotuna ne zalla. Ƙungiyoyin marubuta da na tsofaffin ɗalibai da 'yan hidimar ƙasa kuwa za su iya raba Asabar-Asabar a tsakaninsu, mutum ɗaya ya karanta wa yara labari na minti talatin da Hausa.

Ma'aikatan laburare suna rubuta adadin masu shigowa, kuma da wannan adadi shugabanninsu ke zuwa kare kasafi a gaban majalisa. Duk iyalin da suka je, su tabbata sun sa hannu a rajistar ƙofa, har da sunan ƙaramin da ke goye.